Garin da Ba a Ce Masa Gari

Aikin da na fara samu a Alƙahira na aron ido ne. Wata tsohuwa a unguwar Zamalek ganinta ya yi rauni, tana neman wadda za ta riƙa yi mata karatu, ta kuma rubuta abin da take faɗa. Maƙwabciyarmu da ke aikin gida a benen ce ta kai ni. Lokacin watanmu biyar da barin Sudan saboda yaƙi, ni da Inna da kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda ake kiran kaka a can. Ɗaki biyu muka kama a unguwar Ard al-Liwa, hawa na huɗu. Saura shekara ɗaya in gama karatun adabi a jami'a muka fito, ko littafi ɗaya ban ɗauko ba.

Kullum da safe nakan sauko in ratsa masu sayar da ful, wato dafaffen wake, da gurasa, in haye gadar da ke kan layin dogo, in shiga ƙaramar bas ta bi da ni ta unguwar Mohandessin. Da mun hau gadar Nilu sai in matsa jikin taga. Ruwan nan ta bayan gidanmu ya biyo kafin ya iso nan, don haka nakan gaishe shi a zuci kamar ɗan unguwa.

Madam nake ce wa tsohuwar, ita kuma ta ce mini ya binti, wato 'yata. Larabcin Masar take yi, mai nauyi, wanda daɗewa ba ta goge masa ɗanɗanon wani harshe ba. Ta auri ɗan Masar da ya je ƙasarsu karatu, ta biyo shi, ya rasu ya bar ta da ɗakuna da yawa da akwatin takardu. Ranar farko na tambaye ta ko 'yar wace ƙasa ce. Ta ce amsar tana da tsawo, in zauna tukuna. A Hungari aka haife ta, amma jininta na Sabiya ne. Garinsu ƙarami ne, a bakin kogin Danube, Sabiyawa ne suka kafa shi. Tarihinsa take so ta bari a rubuce don jikokinta, waɗanda ko sunan garin ba sa iya faɗa daidai.

Guntu-guntu ta ba ni shi, cikin makonni. Yaƙi ne ya taso kakanninta daga kudu, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Suka biyo kogi, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙasa da amalanke, da tsofaffinsu da limamansu, da ƙararrawar coci a naɗe cikin bargo. Sarkin ƙasar da suka shiga ya ba su takardar izinin zama, aka yi da su cewa da an ƙwato ƙasarsu za su koma. Wurin da suka sauka kusan kufai ne, wani tudu da ya gangaro zuwa ruwa. Mutanen kowane yanki suka ware gefe guda, suka yi cocinsu, suka kewaye shi da gidaje, shi ya sa ƙaramin gari ya tashi da coci-coci kamar babban birni. Majema suka zauna can bakin rafi saboda wari, fatake suka kama tsakiya, manoman inabi suka hau tudu. Kuma duk abin da suka gina da katako suka gina shi, har cocin. Dutse yana nan ƙarƙashin ƙafarsu, amma suna ganin baɗi za su koma gida, to wahalar dutse ta mece ce.

Wata rana ta tsaya a tsakiyar magana, ta ce cikin jin nauyi waɗanda kakanninta suka gudar wa Musulmi ne, ko zan ji haushi. Na ce mata nawa kakannin kuma Nasara suka gudar wa, daga ƙasar Hausa suka yi gabas. Ta yi dariya har ta sarƙe, ta ce ashe da sun haɗu a hanya da sun gargaɗi juna.

Idan na dawo gida bayan la'asar nakan tarar Habboba ta soya gahawa ta daka da citta. Ba ta fita, matakalar bene ta fi ƙarfin gwiwarta, don haka ni ce rediyonta. Sai in mayar mata da labarin Madam cikin Hausa. A nan na fara cin karo da kalma. Me zan kira mutanen nan? Na tuna a rediyo ana cewa 'yan kama-wuri-zauna, na gwada shi a bakina na ji yana da ƙaya, kamar ana zagi. Na ce baƙi, ta ce baƙin wa. Na ce 'yan gudun hijira, ta ɓata rai, don sunan da ake kiranmu da shi ke nan a layin karɓar takardun zama. Da na kai wurin katako sai ta ajiye finjalinta.

"Allah sarki. Ai zango suka yi. Irinmu ne."

Dole in yi bayanin wannan ga wanda bai san mu ba. Inda aka haife ni, a bakin Shuɗin Nilu, akwai masallacin Juma'a, da kasuwa, da makarantu, da maƙabarta biyu don ta farko ta cika. Amma ba a ce masa gari. Zango ake cewa. Kakanninmu da niyyar Makka suka baro gida, guzuri ya ƙare, suka tsaya su yi noman shekara guda su ci gaba. Shekarar ce ba ta ƙare ba har aka haifi Habboba, aka haifi Inna, aka haife ni. Idan mutum ya ce zai shiga gari, to garin Larabawa na ƙetaren ruwa yake nufi. Yaro ya yi kuskure ya ce garinmu, babba zai ja masa kunne ya ce gyara bakinka. Bayan kowane girbi, dattawa sukan taru a ƙofar masallaci a yi addu'a, a rufe da cewa baɗi sai gabas in Allah ya so, kowa ya shafa, a watse, a je a gyara rumbu. Ina ƙarama ina jin daɗin wannan. Nakan kwanta in ga dukkan gidajen sun miƙe sun kakkaɓe jikinsu, sun kama hanya a jere, da awaki da bishiyar lemon tsakar gidanmu a baya.

Habboba ta kamu da son Sabiyawan Madam. Takan tambaye ni ko sun sami ruwan sama a bana, kamar wasu dangi ne da ke nesa. Har ta aika wa Madam da garin kuɓewa a ƙulle, ta ce in koya mata yadda ake kaɗa shi.

Sai muka iso babin dutse. Madam ta ce shekaru suka yi ta wucewa, ƙasar ba ta ƙwatu ba, waɗanda suka zo da ƙafarsu suka ƙare. Katako ya fara ruɓewa, gobara ta ci wasu. 'Ya'yansu suka zauna shawara, suka rushe cocin katako ɗaya suka tayar da na dutse a gurbinsa, sannan wani, sannan gidaje. Ta sa na ja layi ƙarƙashin wannan wuri. Ta ce a wurinta ba ranar da suka sauka daga jirgi aka kafa garin ba, ranar da aka aza dutsen farko ne, ranar da suka daina yi wa kansu ƙarya. Daga nan garin ya yi arziki, daga baya cuta ta kashe inabin, matasa suka watse, wasu suka koma ƙasar kakanni suka tarar su baƙi ne a can. Yanzu, in ji ta, Sabiyawan da suka rage ba za su cika coci ɗaya ba, masu yawon buɗe ido ne ke cika tituna suna ɗaukar hoto. Amma wanda duk ya je zai ga cewa an yi mutane a wurin.

Da na kawo wa Habboba wannan, sai ta ce sun yi rauni, Allah ya yafe musu, sun warware niyya. Ba ta sake tambayar ruwan samansu ba.

Ni kuwa maganar ta zauna mini. A satin nan ne, a layin sabunta takardun zama, wata mata 'yar ƙasarmu ta ji muna Hausa da Inna, ta juyo ta ce mu kam ai da sauƙi, ba mu yi asarar komai ba, dama a hanya muke, sai mu koma inda muka fito. Ba da faɗa ta faɗa ba, kusan ma da sakin fuska. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ni kuwa na san abin da ta faɗa shi ne abin da dattawanmu suke faɗa a ƙofar masallaci kowace shekara. Haka kuma ɗalibai 'yan Najeriya da ke benenmu sukan tambaye ni, cikin zumunci, ke 'yar wane gari ce a gida. Ban taɓa taka ƙasar ba.

Na sayi littafin rubutu mai bango shuɗi. Na ce wa Habboba ina so in rubuta namu kamar yadda nake rubuta na Madam. Ta ji daɗi sosai, ta ce ai an daɗe ana ba ni abinci a banza, gara in yi amfani. Kwana goma tana ba ni labari: yadda mahaifinta ya iso yana saurayi da jaki ɗaya da allo, inda aka fara kafa bukkoki, shekarar da kogi ya cika ya shiga masallaci, matar da ta fara soya ƙosai a bakin mashaya har Larabawan ƙetare suka koyi sunansa. Ita kaɗai ta rage a cikinmu da ta ga waɗanda suka zo da ƙafarsu. Ina rubutu da sauri don gudun kada wani abu ya zube.

Rana ta goma sha ɗaya ta ce in karanta mata daga farko ta ji. Na buɗe na karanta layin farko: wannan tarihin garinmu ne, wanda kakanninmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu.

"Gyara bakinki."

Na ce mata ba kuskure ba ne, da sani na rubuta.

"To goge. Zango za ki sa. Kuma ba su kafa ba, sauka suka yi."

"Habboba, wurin da aka binne mutum huɗu daga tsatso ɗaya, uba da ɗa da jika da tattaɓa-kunne, gari ne."

"Ke aka haifa jiya za ki gaya mini inda aka haife ni?"

Inna ta leƙo daga kicin ta yi mini ido, ban duba ba. Ni ba mai gardama ba ce. A makaranta ma idan aka taka ni, ni ke ba da haƙuri. Amma a kan wannan kalmar na ƙi ja da baya. Na ce mata idan zango ne, to ba a kore mu daga ko'ina ba, tashi kawai muka yi kamar yadda matafiya ke tashi, kuma kukan da Inna ke yi a kan gidanmu kukan banza ne. Na ce ina so in yi makokin gari, ba na so a ce mini rumfa ce ta faɗi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mahaifinta ya rasu yana cewa baɗi. Wanda ya mutu a hanyar ɗakin Allah da niyyarsa a riƙe, ladansa cikakke ne, haka aka koya musu, haka ya mutu yana sa rai. Idan na rubuta cewa ya kafa gari, na rubuta cewa ya sauke niyya ya zauna, na mayar da shi manomin da ya mutu a gonarsa. Ta ce ba za ta ba da baki a ƙwace wa ubanta hajjinsa a takarda ba. Daga yau, in ji ta, ba ni da labari a wurinta sai na goge.

Ta cika maganarta. Gahawa tana nan, tsokana tana nan, takan ce mini malamar Nasara, takan ce tsohuwar Zamalek ta saye ni da biskit. Amma da na ɗauko littafi mai bango shuɗi sai ta jawo carbi.

Na kai ƙara wurin Madam ina tsammanin za ta goyi bayana, tunda daga bakinta na ɗauko abin. Sai ta ce in goge. Ta ce ita da za ta sami tsohuwa ɗaya da ta rage daga garinsu, da ta yarda a kira shi kowane suna, ko tashar jirgi ce. Ta nuna mini wurare a namu rubutun inda ta sa na bar fili, don babu sauran wanda za ta tambaya.

"Ya binti, kalma tana jira. Kakarki ba ta jira."

Na san gaskiya ta faɗa. A bas ɗin komawa na fito da abin gogewa na riƙe shi tun daga gada har Ard al-Liwa. Na yi tunanin in rubuta zango yanzu, in kwashe labarin, bayan ranta in mayar da gari. Wannan ne ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi ba ni kunya. Yaudarar tsohuwa ce, da jiran mutuwarta. Na mayar da abin gogewar cikin jaka.

Abin da na yi shi ne na ci gaba da rubutu da abin da na sani, ni da ɗan abin da Inna ta tuna. Kowace la'asar in zauna kusa da Habboba tana tsince adas, ƙananan waken nan na Larabawa, a faranti, in karanta da ƙarfi, ba ita nake karanta wa ba, bango nake karanta wa. Duk inda sanina ya ƙare sai in rubuta a nan ban sani ba, in kuma karanta shi haka. Rijiyar farko, wanda ya haƙa ta, a nan ban sani ba. Limami na biyu ya zo daga, a nan ban sani ba. Unguwar masaƙa ta koma bayan kasuwa saboda, a nan ban sani ba. Kuma duk inda gari ya zo sai in faɗe shi a fili, ban rage murya ba, ban kuma ƙara ba.

Kwana da kwanaki tana jurewa. Ina ganin yatsunta suna tsayawa a cikin adas idan na iso wurin da ta sani. Inna ta same ni a kicin ta ce in ji tsoron Allah, tsohuwa ce, hawan jininta ya tashi, kalma ɗaya ce. Na ce Inna, a wane wuri kika haife ni. Sai ta ce in miƙo mata gishiri.

A sati na uku Habboba ta yi rashin lafiya, zazzaɓi da tari, kwana huɗu ba ta tashi ba. Na zauna a bakin katifarta ina shafa mata man zafi a ƙafa, tsoro ya cika ni. Na ga filayen nan na littafina za su zauna haka har abada, kuma ni na jawo. Duk da haka ban ɗauko abin gogewa ba. Ban san ko taurin kai ne ko gaskiya ba, har yau ban gama sani ba. Na dai san idan na goge, matar nan ta layin takardu ta yi daidai.

Ranar da ta samu ta zauna ta sha kunu, ta ce in ɗauko wannan abin nawa. Na ɗauko. Ta ce in karanta. Na karanta shafi biyu.

"Wannan littafi naki rabinsa ban-sani-ba ne. Haka za a ce jikata ta yi jami'a?"

"Mai sanin ta yi yaji."

"Kin goge?"

"Ban goge ba, Habboba."

"Ba za ki goge ba?"

"Ba zan goge ba."

Ta dube ni, ta daɗe, irin kallon da take yi wa yadi a kasuwa kafin ta taya. Ta ce wannan kan nawa ba na Inna ba ne, ta san inda na gado shi, na ubanta ne, kuma mai shi yana kwance a tsohuwar maƙabarta. Sannan ta ce in koma shafin farko, ƙarƙashin layin nan nawa, in rubuta abin da za ta faɗa, kada in gyara mata ko harafi, kada in yi masa ado irin na 'yan adabi.

Na rubuta, tana faɗa tana jira in gama: "Kakar mai wannan rubutu ba ta yarda ba. Ta ce zango ne. Ta ce ubanta a hanya ya mutu, da niyyarsa, kuma Allah ya sani ko takarda ba ta sani ba."

Ta sa na karanta mata sau biyu. Ta sa na nuna mata wurin da yatsa, ko da yake ba ta karanta boko, ta ga cewa girman rubutun ɗaya ne da nawa, ban ƙanƙanta nata ba. Na ce mata haka zai zauna, nawa a sama nata a ƙasa, duk wanda ya buɗe zai gamu da mu biyu muna gardama. Ta ce ai kamata ya yi layin saman ma a ba ta, don ta girme ni. Na ce wannan kam a'a.

Ta yi tsaki, ta gyara filo a bayanta, ta miƙa wa Inna kofin kunu.

"Rijiyar farko ba mutum ɗaya ya haƙa ta ba, wa da ƙane ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Ɗaya ya yi haƙa da safe, ɗaya da yamma, don kada su haɗu. Rubuta. A zangon."

Na rubuta wa da ƙanen, da safiyar da yammar. Na rubuta a garin. Tana kallon hannuna, ta san abin da na sa, ta ci gaba da magana.